Yadda ake kilishi a gida, da yadda ake ajiye shi bai yi fumfuna ba

A gidanmu mu bakwai muke haɗa kuɗi mu yanka sa ranar layya. Kowace shekara, bayan an fitar da na sadaka da na 'yan'uwa, sai an tsaya gardama a kan cinya. Mata su ce a soye, don soyayyen nama ba ya ba mutum kunya. Mu kuma mu ce a kai Agadasawa, unguwar masu kilishi a Kano, a yi kilishi. Wanda ya taɓa kai nama can a kwanakin sallah ya san cunkoson da ake yi, kowa da daronsa, kowa yana so a fara da nasa. Wata shekara na gaji da jira, na ce bari in gwada da hannuna.

Na farkon da na yi, kowa a gida ya yaba ɗanɗanonsa. Kwana 5 da ɗaure shi a leda na buɗe, na tarar ya yi fari-fari kamar an yaga masa auduga. Na kai wa wani dattijon mahauci na unguwarmu ya duba, ya murza ɗan falle ɗaya tsakanin yatsunsa, bai ko tambaye ni kayan yajin da na sa ba. Tambayarsa biyu ce: awa nawa ya yi a rana, kuma da zafinsa na ɗaure ko ya huce?

Ɗanyen tsokar sa, kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinta ruwa ne. Wannan ruwan shi ƙwayoyin cuta da fumfuna suke rayuwa da shi. Aikin kilishi daga farko har ƙarshe korar ruwan nan ne, sannan a hana shi dawowa. Yaji shi ke shan yabo a bakin masu ci, amma wuƙa da rana su ke yanke hukuncin ko kilishin zai kai wata ko zai lalace a mako.

Dubi sama kafin ka sayi nama

Kano ta dace da kilishi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu bushe take ƙayau, tana tsotse ruwan nama ko rana ba ta yi zafi ba. Matsalarta ƙura ce. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40, a nan nama mai sirara yakan bushe tsakanin hantsi da la'asar. Damina ce abokiyar gaba, musamman Agusta. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa a bakin damina, shi ya sa kilishin layya yake wahalar da mutane. Da yake tana matsowa baya da kwana 10 zuwa 11 duk shekara, sannu a hankali za ta koma cikin bazara. Idan ka ga hadari ko garin ya yi lumshi, sa naman a firiza ka jira rana, ko ka bi hanyar oben da zan kawo a gaba.

Ka ware wa aikin kwana biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kayan yaji, gawayi, ragar shanya da abin rufewa duk su zama a hannu tun kafin nama ya shigo gida.

Naman da za ka nema

Je Abbatuwa, wato mayankar Kano, da sassafe, ko wurin mahaucin da ka saba da shi, ka nemi yankan ranar. Ka ce masa tsokar cinya kake so ta kilishi, zalla, ba ƙashi ba kitse. Tsokar gadon baya ma tana yi, sai dai ta fi tsada. Naman wuya, haƙarƙari da ƙirji ka bar su wa miya da farfesu, jijiya da kitse sun yi musu yawa. Nama mai kyau ja ne, idan ka danna shi da yatsa ramin ya ciko, ba ya yauƙi, ba ya bashi. Kada ka yarda a daddatsa maka shi ƙanana. Manyan tsokoki kake so, yadda Allah ya halicce su, kai za ka raba.

Ga mai koyo, kilo 2 ya isa. Naman rago da na akuya ana yi da su, na raƙumi ma haka, amma na sa ya fi faɗin tsoka, ya fi sauƙin yanka.

Da ka iso gida, in za ka wanke to yanzu ne, kafin yanka. Ɗauraye shi sau ɗaya, ka tsane shi da tsumma mai tsabta. Bayan an yanka ba a ƙara kai shi kusa da ruwa. Sai ka zauna ka bi shi da wuƙa ka cire duk wani kitse, da jijiya, da farin tantanin nan da ke lulluɓe tsoka. Kada ka ji tausayin abin da kake cirewa, a tukunyar miya zai ƙare. Kitse ba ya bushewa, kuma shi ne farkon abin da ke juyawa ya sa kilishi hamami da maƙaƙi a maƙogwaro.

Yanka

Nan ne sana'ar take, nan ne kuma mai koyo yake zufa. Idan ka tsaya ka kalli gwanin kilishi, za ka ga ya ɗauki tsoka kamar dunƙulen hannu, ya sa mata wuƙa a gefe, yana yanka yana juya ta, tana warwaruwa kamar ana kwance rawani, har ta zama falle ɗaya dogo wanda haske ke ratsawa. Shekaru ne suka ba shi wannan. Kai ba dogon falle kake nema ba, sirara iri ɗaya kake nema. Falle mai faɗin tafin hannu ya wadatar.

Wuƙa ta zama doguwa, siririya, mai kaifi sosai, kuma dutsen wasawa ya zauna kusa da kai don za ka koma masa sau da yawa. Dakusasshiyar wuƙa yaga nama take yi, ita ce kuma take yanke mutum, saboda sai an danna ta da ƙarfi.

Raba tsokar gida-gida, kowanne kamar giram 150 zuwa 200. Dubi yadda zaren naman ya kwanta, ka bi shi a tsaye. Idan ka gitta zaren, kilishin zai yi taushi a baki, amma zai farfashe a cikin kwaɓi kafin ka tsamo shi. Ɗora gudan a kan katako, ka danne shi da tafin hannun hagu, yatsu a ɗage sama. Kwantar da wuƙar daidai da katakon, ka shiga ta ƙasa-ƙasa, ka bar kaurin da bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, wato kamar bangon littafi mai kwali. Ja wuƙar gaba da baya a hankali, kada ka tura ta. Idan ka kusa fita ta ɗaya gefen, tsaya, kada ka raba. Buɗe naman kamar littafi, ka mirgina ɓangaren mai kauri gefe, ka sake shiga ta ƙasansa. Haka za ka yi ta yi har gudan ya ƙare.

Dabarar da ta cece ni: in akwai wuta, sa naman a firiza awa ɗaya zuwa biyu, ya yi tauri amma bai zama ƙanƙara ba. Nama mai sanyi yana tsayawa wa wuƙa, ba ya zillewa. Fito da shi kaɗan-kaɗan, sauran ya zauna cikin sanyi har layi ya zo kansa.

Za ka huda wasu wuraren, babu laifi. Rami ba ya ɓata kilishi. Abin da ke ɓata shi wuri mai kauri ne a tsakiyar falle, don gefe zai bushe, shi kuma ya riƙe ruwa a ciki, daga nan lalacewa take farawa. Duk inda ka ji tudu da yatsa, sake bi ta kai da wuƙa, ko ka ɗan bubbuga shi da bayan wuƙa ya baje.

Shanyar farko

Masu sana'a suna shanya a kan gadajen kara da aka ɗaga daga ƙasa, don iska ta bi ta sama ta bi ta ƙasa. A gida, ragar waya mai tsabta ko sabon asabari a kan bulo huɗu ya yi. Tire da faranti ba sa yi sosai, ƙasan naman yakan yi gumi. Kwanon rufi kuwa ka manta da shi, ga tsatsa ga kashin tsuntsaye. Zaɓi wurin da rana ke wuni, nesa da bakin titi, lambatu da makewayi. Saman bene ya fi ko'ina.

Shimfiɗa kowane falle ka miƙar da shi, kada ya naɗe. Ƙananan guntaye ka jera su bakinsu na ɗan hawa na juna, idan suka bushe za su manne su zama falle guda. Manyan fallayen da kake gani a wurin masu sayarwa, da yawansu haka aka haɗa su.

Awa biyun farko su ne na tsaro, lokacin da saman naman yake da danshi kuma ƙuda ke neman inda zai yi ƙwai. Rufe shanyar da raga mai ƙananan ido ko farin yadi marar kauri, ka ɗaga shi da sanduna kada ya taɓa naman. Idan gidan sauro za ka sa, ka tabbata ba mai magani ba ne. Irin wanda ake rabawa a asibiti an jiƙa shi da maganin kashe sauro, bai kamata ya kusanci abinci ba. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari kuwa, ko a ƙasan shanya kada a yayyafa. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha gargaɗi a kan sa irin waɗannan a kayan abinci, guba ce. Rufin nan kuma shi zai raba ka da shirwa da kyanwar maƙwabta. Ni shirwa ta taɓa sure min falle guda ina tsaye a wurin.

Idan saman ya bushe ya yi duhu, ɗaga a hankali ka juya. Fara shanya da ƙarfe 9 na safe, a bazara ko hunturu zuwa la'asar ya kamata ya yi. Alamar ya yi: ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ya ƙanƙance, ba ya manne wa yatsa, in ka kaɗa shi yana ƙara kamar busasshen ganye. Idan magariba ta yi bai kai haka ba, shigar da shi ɗaki ka baza a gaban fanka, ko ka sa a firji, gobe ka mayar. Kada ya kwana a waje raɓa ta sauka a kansa, kada kuma ka tara shi a roba ka rufe. A wannan matakin kilo 2 ɗinka zai koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Kada ranka ya ɓaci, ruwa ne ya tafi, kuma shi ya sa kilishi yake da tsada.

Labu

Kwaɓin da ake tsoma naman a ciki shi ake kira labu, kuma ƙashin bayansa gyaɗa ce. Mafi kyau ita ce tunkuza, wato abin da ya rage bayan an matse man gyaɗa, kafin a soya shi ya zama ƙuli-ƙuli. Kusan kowace unguwa a cikin gari akwai gidan da ake mai da ƙuli, je ka roƙi a sayar maka da ta ranar, wadda aka matse sosai. Tunkuza mai sauran mai da yawa takan sa kilishi ya ƙi bushewa, ya yi ta naso a takarda. In ba ka samu ba, sayi ƙuli-ƙuli wanda ba a sa wa sukari ko yaji ba, a daka, a tankaɗe, a jiƙa. Markaɗaɗɗiyar gyaɗar da ba a cire wa mai ba ba ta yi.

Ka ɗanɗana gyaɗar kafin ka saya. In da ɗaci ko warin daɗewa, bar ta. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar da ake kira aflatoksin, mai lahanta hanta, kuma gashi ba ya kashe ta. Araha a nan ba ta da amfani.

Ga awon da nake yi wa nama kilo 2. Tunkuza ko garin ƙuli kamar giram 700. Albasa matsakaita 3. Tafarnuwa ƙwaya 6. Garin busasshiyar citta babban cokali 3, garin barkono 3, masoro 1. Kanumfari ƙaramin cokali 1, kada ya wuce haka, don yana danne kowa. Kimba sili 3 ko 4, a cire 'ya'yan saboda ɗaci. Gishiri babban cokali ɗaya da rabi, dunƙule 6, sukari babban cokali 2. Wasu dabino suke jiƙawa su markaɗa a madadin sukari, ni ma na fi son haka, zaƙinsa ba ya tsaya wa mutum a harshe. Akwai masu ƙara fasaƙwari da citta mai 'ya'ya. Duk waɗannan za ka same su wurin masu kayan ƙamshi a kasuwar Kurmi ko ta Rimi. Sayi ƙwayarsu ka daka da kanka, garin da ya daɗe a buɗe a kasuwa ƙamshinsa ya riga ya tafi.

Kilishi ja da fari bambancinsu a nan yake. Farin ba a cika masa barkono, shi ya dace da yara da masu gyambon ciki. Jan kuwa wasu kala suke zubawa. Ni busasshen tattasai nake dakawa babban cokali 4, yana ba da ja mai kyau ba tare da ƙarin zafi ba.

Markaɗa albasa da tafarnuwa su yi laushi sosai. Zuba tunkuzar a daro mai faɗi, ka riƙa ƙara ruwan da aka tafasa ya huce, kaɗan-kaɗan, kana murjewa da hannu har gudaji su mutu. Ruwan zai kai kusan lita ɗaya, amma tunkuza ta bambanta, don haka ido za ka bi. Zuba sauran kayan ka juya. Kaurin da ake so kamar na kunun gyaɗa mai kauri: ka tsoma cokali ka ɗaga, kwaɓin ya rufe bayansa, yana ɗiga a hankali. In ya tsinke, zai zube ya bar naman tsirara. In ya yi kauri da yawa, zai yi ɓawo a sama, cikin ya ƙi bushewa, kuma ranar ci ya riƙa ɓamɓarewa yana zuba a cinyar mutum.

Ɗanɗana labun kafin nama ya shiga. Gishirin ya zama kamar bai ƙarasa ji ba. Ruwan da ke ciki zai tafi a rana, gishiri kuwa ba inda za shi, don haka abin da ya yi daidai a daro zai yi yawa a kilishi. Kuskuren nan ba shi da gyara. Kuma ranar da za a tsoma ake kwaɓawa. Albasa da gyaɗa a zafin Kano ba sa kwana, tsami suke yi.

Tsomawa da shanya ta biyu

Da hantsi ake tsomawa, don a sami rana cikakkiya. Sa fallayen ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya nutse. Bar su minti 30 zuwa awa ɗaya, har ka ga sun yi laushi suna lanƙwasuwa kamar fata. Tsamo, ka shafe abin da ya taru da yatsu ya bazu daidai gaba da baya, ka mayar kan ragar. Wannan karon kada ka haɗa bakinsu. Rufe kamar jiya, don ƙuda yana bin labu shi ma. Idan saman ya kama, ba ya shafuwa a yatsa, juya. Awa 5 zuwa 6 a rana mai kyau. Labun da ya rage a daro ɗanyen nama ya kwanta a cikinsa, kada a lasa, kada a ajiye. In ana so, a dafa shi a miya a ranar.

Masu sayarwa kan yi wa saman ado da ɓarzajjiyar gyaɗa da yankakkiyar albasa. Yana da kyau a ido. Amma wanda za ka ajiye, bar albasar, ruwa take riƙewa.

Gashi

Akwai masu ganin tunda rana ta busar, an gama. Rana busarwa take yi, ba ta dafawa. Ƙwayoyin cuta irin su salmonela suna iya tsira a busasshen nama, kuma masana lafiyar abinci sun tsayar da cewa sai zafin cikin naman sa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas kafin a amince da shi. Gashi shi ke wannan aikin, shi ke kuma kashe gafin gyaɗa ya fito da ƙamshin da ake jin kilishi da shi tun daga bakin layi.

Hura gawayi ka bar shi ya ruru, harshen wuta ya mutu, hayaƙi ya ɗauke, toka ta fara rufe garwashin. Kada a kunna shi da kananzir ko leda, kilishi yana ɗaukar wari nan da nan. Baza garwashin, ka ɗora raga sama da shi kamar taƙi ɗaya da rabi. Gwada da tafin hannu: in ba za ka iya riƙe shi a wurin na daƙiƙa biyar ba, wutar ta yi yawa. Ɗora fallaye kaɗan, ka riƙa juyawa ba ƙaƙƙautawa, kamar duk rabin minti. Jimlar lokacin minti 5 zuwa 10 ne. Za ka ga mai ya ɗan taso yana ƙyalli, launin ya ƙara duhu, fallen ya yi laushi saboda zafi. Sauke. Kada ka tafi amsa waya, sukari da gyaɗa ba sa jira, ƙiftawar ido baki ya ƙone ya yi ɗaci. Wasu suna yayyafa man gyaɗa a nan don sheƙi. Ga na ci yau, to. Ga na ajiya, ni ba na sawa.

In rana ta ƙi fitowa

Mai oben zai iya yin komai a ɗaki. Jera naman a kan ragar oben, sa zafi a digiri 70, ka saka cokalin katako a bakin ƙofar ta ɗan buɗe don tururi ya fita. Awa 3 zuwa 5 ga shanyar farko, kusan haka ga ta biyu, kana dubawa kana juyawa. A ƙarshe rufe ƙofar, ka ɗaga zafin zuwa 135 na aƙalla minti 10, ya tsaya a madadin gashi. Ƙamshin garwashi ne kawai za ka rasa. Idan kana da kurfoti, ƙarasa shi a kai.

Ajiya

Nan na faɗi a karon farko. Kilishin da aka sauke daga wuta yana ci gaba da fitar da tururi. In ka ɗaure shi a leda da ɗuminsa, tururin ya rasa hanya, ya koma ruwa a jikin ledar, ya sauko kan naman. Ruwan da ka kwana biyu kana kora ka mayar da shi da hannunka. Don haka baza shi falle-falle a inuwa, inda iska ke wucewa, a rufe da yadi, ya yi awa biyu ko fiye. Idan ya huce zai koma da tauri. Lanƙwasa ɗaya ka gani: ya kamata ya tsage, zaren ciki ya fito a bushe, ba jan danshi a tsakiya.

Ga gwajin da ba ya ƙarya. Sa 'yan guntaye a busasshiyar kwalba, ka rufe, ka ajiye a wuri mai ɗumi rabin yini. In ka ga gumi a jikin kwalbar, kilishin bai gama bushewa ba, mayar da duka rana ko kan garwashin da zafinsa ya ragu.

Takarda ruwan ƙasa da masu kilishi ke naɗewa da ita tana da hikima: tana shan mai, tana barin naman ya yi numfashi. A hunturu da bazara, kilishi a irin wannan takardar, cikin kwando ko kwali a wuri mai sanyi da duhu, lafiya lau yake zama. A damina kuwa takarda kaɗai ba ta isa, don busasshen nama yana jawo laimar iska ya yi laushi. A nan sai ka naɗe a takarda, sannan ka sa a kwalba ko roba mai murfi da ke kamawa gam. Tsohuwar jarida da takardar buhun siminti ka nisance su, tawada da ƙurar siminti suna bin mai su shiga abinci.

Raba shi ƙunshi-ƙunshi, kowanne na ci ɗaya ko biyu. Duk buɗewa iska ce ke shiga, iska da haske da zafi kuma su ke juyar da man gyaɗar da ke jiki ya yi hamami. Saman firji, kusa da murhu, bakin taga da cikin mota duk ba wurin ajiya ba ne. Hannu mai ruwa kada ya shiga kwalbar. Ɓera da kiyashi ma suna sonsa kamar yadda kake sonsa, kuma leda ba ta tare ɓera.

Kilishin gwanaye yana yin watanni, saboda yankansu ya fi namu sirara kuma sun san bushewa da ido. Na gida, ni ba na bari ya wuce wata ɗaya a ɗaki lokacin rani, a damina mako biyu. Abin da zai wuce haka, a ɗaure shi sosai, a matse iskar, a sa a firiza, zai yi watanni. Ɗaukewar wuta ba ta kashe shi kamar ɗanyen nama, muddin ƙunshin a rufe yake ruf. Amma idan ka fito da shi, kada ka buɗe nan take. Bari ya saki sanyin tukuna, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a kansa.

Duba shi duk bayan 'yan kwanaki. In ya yi laushi kawai, ba wari ba tabo, sake nuna masa garwashi ko rana, ya huce, ka canza takarda. Farin abu a jiki ba kullum ne fumfuna ba. Wani lokaci gishiri ne ya fito, yana da ɓarzo-ɓarzo a yatsa, ko mai ne ya daskare, wanda yake narkewa da ka murza. Fumfuna tana da gashi-gashi, fara ko kore ko baƙa, da warin ɗakin da ya daɗe a rufe. Wannan zubarwa ake yi. Kankarewa da sake gasawa ba sa tsarkake shi, don saiwarta ta riga ta shiga ciki. Haka wanda ya yi yauƙi ko tsami.

Mai niyyar tsaraba zuwa waje ya bincika dokar ƙasar da za shi. Ingila da Amurka ba sa yarda matafiyi ya shigo da nama daga Najeriya, busasshe ko ɗanye, ƙwacewa ake yi a filin jirgi, wani lokaci har da tara. Wanda kuma hannunsa ya faɗa har yake tunanin ƙunshewa da suna ya kai kantuna, sai ya nemi rajistar NAFDAC.

Idan kilishin ya daɗe ya yi tauri har haƙori na tsoronsa, ɗora shi a kan murfin tukunya mai zafi na minti biyu, zai saki. Ɓurɓushin da ke taruwa a gindin kwalba kuwa kada a zubar. A gidanmu dakawa ake yi a barbaɗa a kan garau-garau, ko a kwaɗa zogale da shi.